A BA YARA MATACCIYAR NA'URAR BIN SAWU SU GYARA

Jama'a, akwai wata 'yar na'ura da ta yawaita a kasuwannin Sakkwato da Kano da Maraɗi cikin 'yan shekarun nan, girmanta bai fi na kwalin ashana ba, masu babura da masu Keke Napep suna ɓoye ta a jikin abin hawansu domin in ɓarawo ya ɗauke su san inda ya nufa. 'Yan kasuwa suna ce mata tiraka, mu kuwa bari mu kira ta na'urar bin sawu. A Amurka da ƙasashen Turai akwai waɗansu mutane da suka mai da harba ƙananan rokoki abin shaƙatawarsu, kamar yadda wani a nan yake kiwon tantabaru, su ma irin wannan na'ura suke ɗaura wa rokarsu, gama abin da ya tashi sama iska ta ɗebe shi ba mai sanin inda zai sauka.

Maganar da nake so in yi da 'yan'uwana malaman makaranta da akawunan ofisoshin ilmi, musamman na gabashin Sakkwato, wajen Sabon Birni da Isa da garuruwa irin su Gangara, ita ce wannan: kowace makaranta da ke koyar da kimiyya ya kamata ta nemi irin wannan na'ura wadda ta lalace, a ba yara su kwance ta, su gyara, su sake mata hali, sa'an nan su ɗaura wa rokar ruwa su harba. Da gangan na ce wadda ta lalace. Sabuwa sai a nuna wa yara daga nesa a mayar cikin kwali, matacciya kuwa ba mai jin tsoron a taɓa ta.

Bari mu fara da yadda take aiki, domin malamin da bai san wannan ba ba zai iya gyara kome ba. Gwamnatin Amurka ta harba tauraron farko na tsarin da ake kira Ji-Pi-Es a 1978, aka yi ta ƙarawa har tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24, yanzu kuwa wajen 30 ne suke aiki. Suna can sama nisan mil 12,500 da 'yan kai, kowanne yana zaga duniya sau biyu a kwana ɗaya. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai daidaito ƙwarai, kuma ba ya fasa shela ta rediyo cewa ga ni a wuri kaza, ga lokaci kaza. Na'urar da ke ƙasa tana jin shelar, ta duba jinkirin da ta yi kafin ta iso, daga nan ta san nisan tauraron. Yaranmu sun riga sun san wannan lissafi ba su sani ba. Da damina suna ganin walƙiya, sai an jima su ji tsawa, in sun ƙirga daƙiƙa 5 tsakani to nisan hadarin mil guda ke nan. Bambancin kawai shi ne shelar tauraro da gudun haske take tafiya, watau mil 186,000 cikin daƙiƙa ɗaya, sabo da haka in agogo ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, wurin da za ta nuna ya kauce da kusan ƙafa 1,000.

In malam yana so yara su gane sauran, ya shimfiɗa taswira, ya ce wani mutum ya ɓata, amma an san nisansa daga Isa, da nisansa daga Sabon Birni, da nisansa daga Gidan Rumji a hayin iyaka. Yara su ɗauki kamfas su zana da'ira uku, za su ga wuri ɗaya tak suka haɗu. Haka na'urar take yi, sai dai ita tana bukatar tauraro na huɗu, domin agogon da ke cikinta na araha ne, da na huɗun take gyara shi. In ta gama sai ta ba da lamba biyu. Wanda ya kunna ta a Sabon Birni zai ga kusan digiri 13 da rabi arewa, digiri 6 da ɗoriya gabas. Ga darasin labarin ƙasa da na lissafi da na kimiyya duk sun taru cikin kwalin ashana.

To, a nan ne abin da ya shafe mu musamman yake. Na'urar nan kunne gare ta da baki, kuma ba abu ɗaya ba ne. Kunnen shi ke jin taurari, ba ruwansa da layin waya, ba ruwansa da kuɗin kati, ko a tsakiyar daji yana ji. Bakin kuwa shi ke gaya wa mai ita inda take, kuma a irin wadda ake sa wa babur bakin nan layin waya ne, saƙo take aikowa. Kowa a ƙasar Gobir ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, sa'an nan aka rufe a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Mutane suka riƙa neman inda layin Nijar yake kamawa kafin su ji muryar danginsu. Duk wata na'urar bin sawu mai layinmu da ke yankin a lokacin nan ta san inda take sarai, amma ta zama bebiya. Ko ba a rufe layi ba ma, akwai ƙauyuka da yawa da sai an hau tudu ake samun sabis. Ashe kayan da aka ƙera don titunan manyan birane ba zai yi mana aiki yadda ya zo ba, sai an sake masa baki. Wa zai sake masa? Ba wanda zai taso daga Sin domin Gangara.

Sakewar ba ta da wuyar da ake zato. Sashen kunnen, in aka raba shi da sauran, wayoyi huɗu gare shi: biyu na wuta, ɗaya na faɗa, ɗaya na ji. Kowace daƙiƙa yana fitar da layukan rubutu masu ɗauke da lokaci da lambobin nan biyu. Masu harba roka sukan haɗa wayar faɗan da wata 'yar rediyo mai ƙaramin ƙarfi, irin wadda ake kira LoRa, wata kuma irinta tana hannun mai nema, rubutun ya riƙa isowa kai tsaye ba tare da ya bi ta ƙarfen sabis na kowane kamfani ba. A fili fetal irin namu tana kai mil da dama. Amma fa zangon rediyo yana da hukumar da ke kula da shi, watau NCC, sabo da haka a tsaya kan zangon da aka yarje wa ƙananan na'urori, kuma ofishin ilmi ya tambaya a rubuce kafin a saya.

Rokar kuwa, kada kalmar ta firgita kowa. Gorar roba ce ta lemo mai gas, irin mai lita 2, ita ce aka yi don ɗaukar matsi, gorar ruwan sha ba ta jurewa. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakin, a kife ta, a yi ta hura iska da famfon keke, yara suna nesa, a ja igiya a saki toshiyar. Ruwa ya feso ƙasa, gora ta yi sama ƙafa 100 ko fiye. Dokar motsi ta uku ke nan wadda Niyuton ya rubuta a 1687, wadda yaranmu suke haddacewa shekara da shekaru ba su taɓa ganinta da ido ba. A Japan 'yan makaranta sun daɗe suna gasar wannan, kuma a 2015 ɗaliban Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu suka harba tasu ta kai mita 830, da ruwa da iska kawai. Wani zai ce gorar da ba ta wuce ƙafa 100 ba me za ta yi da na'urar bin sawu? Ya sa mata laimar sauka ya harba ta cikin watan Satumba kusa da gonar dawa da ta fi mutum tsawo, iska na kaɗawa, sa'an nan ya zo mu yi magana.

Yanzu ga gyaran kansa, inda riba take. Mu da muke aikin horar da malamai mun ga cewa abu mafi wuya a koya wa ɗalibi shi ne ya tsaya ya tambayi kayan da ya ƙi aiki me ya same shi, ɗaya bayan ɗaya, maimakon ya ce ya mutu ya juya baya. Na'urar nan tana koyar da wannan fiye da kowane littafi. Da yawa daga waɗanda ake cewa sun mutu, cikin ofis aka gwada su ƙarƙashin rufin kwano, shelar taurari kuwa rarrauna ce ƙwarai, kwano yana tare ta. A fitar da ita fili, a ajiye, a yi haƙuri. Akwai wani ɗan mitsitsin batir a jikin allonta, aikinsa ya riƙe mata tunanin inda taurari suke sa'ad da aka kashe ta. In ya ƙare, kullum aka kunna sai ta fara sauraro daga farko, rabin minti in sama a buɗe take, in kuwa akwai itatuwa ko gini minti da yawa, mai gaggawa ya ce ta mutu alhali kuwa nema take yi.

In ta ƙi ji duk da haka, a duba eriyar kunnen. Wani ɗan farin abu ne mai kusurwa huɗu kamar dunƙulen magi, na tangaran ne, yana tsagewa in ya sha faɗuwa, kuma dole fuskarsa ta dubi sama ba ƙarfe a kansa. In ya tsage a ciro na wata matacciyar a liƙa da dalma. Da haka matattu biyu sukan ba da rayayya ɗaya. Babban batir kuwa zafin bazararmu ne abokin gabansa, in rana ta haura digiri 40 aka bar shi cikinta sai ya kumbura. Wanda ya kumbura ba a matsa shi, ba a huda shi, domin yana kama wuta, malam da kansa zai cire shi, kada ya bar wa yaro.

Akwai kuma lahanin da sai an harba yake bayyana, shi ne ya fi daɗin koyarwa. A lokacin tashi, cikin ƙiftawar ido, kome da ke cikin roka yakan yi nauyi ninkin ba ninkin, batir ya zame baya, wayarsa ta saki, na'ura ta ɗauke ta sake kunnuwa, ta koma neman taurari daidai lokacin da ake bukatarta. A ƙasa lafiyarta lau, a sama ta mutu. Yaron da ya gano dalilin wannan da kansa, ya cire mahaɗin da ake sokawa ya liƙe wayar da dalma, ya ɗaure batir da zare ya danne da gam, ya cire kwanson roba don a rage nauyi, ya naɗe allon cikin leda don feshin ruwa, wannan yaro ya yi aikin injiniya, ko da takardar jarrabawarsa ba ta nuna ba. Ko an yi duk wannan, kunnen yakan rikice na ɗan lokaci sabo da fizgar tashi, sai roka ta fara saukowa a hankali yake komawa daidai. Kada a ɗauki wannan lahani ne, halinta ne.

Malam zai ce shi bai iya dalma ba. Gaskiya ne, yawancinmu ba a koya mana ba. Amma ba kasuwar da za ka shiga a ƙasar nan, daga Isa har Shinkafi, ba ka tarad da saurayi zaune ƙarƙashin laima da mitar awon wuta da ƙarfen narka dalma yana gyaran wayar hannu ba. Shi ya san hannu, bai san dalili ba, malam ya san dalili, bai san hannu ba. A gayyato shi makaranta ran da ba kasuwa, a biya shi ladansa, a kira shi malam a gaban yara, gama a wannan awa malam ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da na lura shi ne girman kai ne kawai yake hana wannan, mai takarda ba ya so a gan shi yana koyo wurin wanda bai gama sakandare ba.

Ku kuwa akawu da masu riƙe da sito, maganar nan ta fi shafarku, domin a hannunku abin yake mutuwa. Tun zamanin En'e, kafin a kawo tsarin ƙananan hukumomi a 1976, muka gaji wata ɗabi'a: duk abin da aka shigar a littafin sito, wanda ya sa hannu ya karɓa shi ke da alhakinsa, in ya lalace ana iya yanke masa albashi. Dokar tana da kyau don tsare dukiyar jama'a, ba ni da ja a kanta. Amma sakamakonta a makaranta shi ne malam mai hankali ba ya fitar da kayan gwaji ko kaɗan, ya kulle su cikin kabad har mai duba makarantu ya zo ya ƙirga ya ga sun cika. In ɗaya ya lalace kuwa sai ya zauna shekaru yana jiran kwamitin da zai zo ya tabbatar ya mutu, ƙurar hunturu da ɓera suna gama abin da ya rage. Abin da nake roƙo ƙarami ne. A buɗe shafi guda a littafin, na kayan da aka sallama don koyo. Wanda ya shiga wannan shafi ya fita daga wuyan malam, a kwance shi, a ƙona shi wajen koyon dalma, ba mai tambaya. Matattun na'urorin bin sawu, da matattun wayoyi, da fitilun hasken rana da suka daina aiki, duk su shiga nan. Wannan ba ya bukatar sisin kwabo, alƙalami kawai yake bukata.

Na san abin da wani mai karatu yake faɗa a ransa, kuma yana da gaskiyarsa. Mutanen da aka kora daga gonakinsu, waɗansu suna gudun hijira a Gidan Rumji tun 2019, makarantu da dama a rufe, malamai suna tsoron hanya, su za a yi wa zancen roka? Ban ce wannan ya sha gaban tsaro ba, ban kuma ce a tura yaro daji neman gora ba. A filin makaranta za a yi, cikin gari, inda ake iya buɗe aji. Amma yaran da suka taru a garin Sabon Birni da garin Isa suna girma kowace rana, shekarunsu ba su jiran a gama rikici. Kuma wannan sana'a ba wasa ba ce a yankin nan. Tun wajen 2012 aka riƙa ba ma'aikatan allurar shan inna a jihohin Arewa wayoyi masu Ji-Pi-Es domin a ga ƙauyukan da suka shiga da waɗanda suka tsallake, aka gano rugage da unguwanni da babu su a kowace takarda, har a 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da cutar ta asali. Aikin awon gona, da na rijiyoyi, da na asibiti, duk da wannan na'ura ake yinsu yanzu, kuma in ta lalace sai a aika Sakkwato ko Kano, ko a jefar.

Ƙasarmu ta ɗanɗana saye ta kuma ɗanɗana ƙirawa. A 1962, sa'ad da John Glenn ya zaga duniya sau 3, akwai tashar Amurkawa a Kano cikin waɗanda suka bi sawunsa, daga baya aka rufe ta. A 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha. NigComSat-1 da aka saya daga Sin aka harba a watan Mayu na 2007 ya mutu a watan Nuwamba na 2008 sabo da sashen da ke samar masa wuta daga rana ya lalace, sai a ƙarshen 2011 aka harba madadinsa. Amma NigeriaSat-X da ya tashi a watan Agusta na 2011 injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila wajen koyo, kuma su har yanzu abin da suka koya yana kansu. Ba na tsammani akwai ɗan Gangara a zuciyar masu tsara irin waɗannan ayyuka, sai in mu muka shirya shi.

Saura magana ɗaya wadda ba a wasa da ita. A inda ake zargin masu kai wa 'yan bindiga labari, yaro riƙe da na'ura mai eriya yana yawo bayan gari zai iya jawo wa kansa da iyayensa bala'i. Sabo da haka albarushi ko wani abu mai fashewa ba ya shiga wannan aiki ko kusa, ruwa da iska kawai. Kafin a harba ko ɗaya, shugaban makaranta ya rubuta wa sakataren ilmi, ya je da ƙafarsa wurin hakimi da uban ƙasa da babban jami'in tsaro na garin, ya kai gorar da na'urar su gani su taɓa. In jami'in ya yi zancen makami, a gaya masa cewa yawancin na'urorin da ake sayar wa farar hula an yi musu takunkumi tun a ma'aikata, in gudunsu ya wuce wajen mil 1,150 cikin awa, waɗansu kuma in sun haura ƙafa 60,000, sai su yi shiru, domin kada a sa su cikin makamai. A gayyace su ranar harbin, a ba hakimi igiyar ya ja ta farko. Na'urar kuma ta kwana a makaranta, da sunan makarantar rubuce a jikinta, kada yaro ya tafi da ita gida.